An Tuɓe Lauya, Amma Hannunsa Yana Cikin Asusun Jama'a

Duk ranar da kwamitin ladabtar da lauyoyi na Najeriya, wanda aka fi sani da LPDC, ya zauna a Abuja ya yanke cewa a goge sunan wani lauya daga rajista, washegari jaridu kan buga cewa an tuɓe wa wane riga. Mai karatu sai ya ɗauka magana ta ƙare, ofishin lauyan ya rufe ke nan. Dokar aikin lauya ta 1975 ba haka ta tsara ba. Ta ba wanda hukuncin ya hau kansa kwana 28 daga ranar da aka miƙa masa takardar hukunci domin ya ɗaukaka ƙara, sannan ta ce umarnin kwamitin ba zai fara aiki ba sai ɗaya daga cikin abubuwa uku ya faru: ko wa'adin ya wuce bai ɗaukaka ba, ko ya ɗaukaka ya janye ko aka kori ƙarar saboda ya yi watsi da ita, ko kuma an saurare ta ya faɗi. Ma'ana, shigar da takardar ɗaukaka ƙara kaɗai ya isa ya jingine hukuncin. Ba sai ya roƙi wani alƙali ba, ba sai ya nuna cewa ƙarar tasa tana da ƙarfi ba, kuma babu sharaɗi ko ɗaya da ke hawa kansa. Lauyan da aka samu da cinye kuɗin filin marayu ranar Alhamis yana iya tsayawa gaban kotu ranar Litinin da rigarsa da hularsa, da yamma kuma ya karɓi kuɗin cinikin gidan wani ya zuba a asusunsa. Ra'ayina shi ne jingine hukunci yana da hujja mai ƙarfi, amma jinginewa ta kai-tsaye wadda ba ta da sharaɗi kuskure ce, kuma gyaranta ba ya buƙatar a tauye wa kowa haƙƙi.

Kafin a soki tsarin, ya kamata a ba shi haƙƙinsa. Goge suna daga rajistar da babban magatakardan Kotun Ƙoli yake riƙe da ita shi ne hukunci mafi tsanani a wannan sana'a. Mutum ya yi shekara biyar a jami'a, ya yi shekara guda a makarantar horon lauyoyi, ya shafe watakila shekara ashirin yana gina suna, kuma jarin lauya bai wuce sunan nan ba. Idan aka rufe ofishinsa yau, masu shari'o'in da yake riƙe da su za su kwashe fayilolinsu su kai wa wasu, ƙananan lauyoyin da ke ƙarƙashinsa su watse, magatakarda da direba su nemi wani aiki. Ko bayan shekara huɗu kotu ta ce an zalunce shi, takardar wankewa ba za ta dawo masa da waɗannan mutane ba. Kuma kwamitin yana kuskure. A 2015 ya ba da umarnin goge sunan wani lauya mai muƙamin SAN kan zargin hulɗa ta bayan fage da alƙalin kotun sauraron ƙarar zaɓen gwamnan Osun. A 2019 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin, domin mambobin da suka zauna ba su tsaya iri ɗaya ba daga zama zuwa zama, wasu sun sa hannu a hukunci alhali ba su ji dukkan shaidu da kunnensu ba, wanda ya saɓa wa haƙƙin sauraro na adalci da sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya tanada. Da hukuncin farko ya fara aiki nan take, da mutumin ya yi kusan shekara huɗu a gida bisa shari'ar da daga baya aka ce ba ta inganta ba.

Akwai kuma tsoro na biyu, wanda tarihin ƙasar nan ya ba shi gindi. A farkon shekarun 1980 an gurfanar da Gani Fawehinmi gaban wannan kwamiti kan tallar littafinsa na rahoton shari'o'in tsarin mulki da aka buga a wata mujalla. Tuhumar daga ma'aikatar shari'a ta tarayya ta fito, shugaban kwamitin da zai yi hukunci kuma shi ne Antoni Janar, mai kula da ma'aikatar. A 1985 Kotun Ƙoli ta ce hakan bai yiwuwa, mutum ba ya zama mai ƙara kuma alƙali a magana ɗaya. Duk wanda ya san wannan labari ba zai yi saurin miƙa wa kwamiti ikon rufe bakin lauya a rana ɗaya ba, domin lauyan da ya fi damun masu mulki shi ne wanda za a fi sha'awar a gwada wannan iko a kansa. Wannan damuwa ta gaskiya ce, kuma duk gyaran da ya yi biris da ita bai cancanci goyon baya ba.

Matsalar ita ce dokar ta kalli mutum ɗaya ta manta da sauran. Ladabtar da lauya ya bambanta da shari'ar bashi tsakanin mutum biyu, inda jinkiri ke cutar wanda ya ci shari'a kaɗai. A nan akwai mutane na uku da ba sa cikin ɗakin, ba su ma san ana yi ba: matar da mijinta ya rasu ta kai takardun gado, ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya ba da kuɗin sayen shago a ajiye har a kammala takardu, ma'aikacin da ya yi ritaya aka biya diyyarsa ta hannun lauyansa. Waɗannan ba su da hanyar sanin cewa mutumin da ke zaune a bayan tebur an riga an same shi da cin amana. Dokokin asusun lauyoyi na 1964 da ƙa'idojin ɗa'ar aikin sun wajabta a ware kuɗin mutane a asusu dabam, kada a cakuɗa shi da na lauya, amma wanda aka hukunta saboda karya wannan ƙa'ida shi ne ake bari yana ci gaba da sa hannu a kan asusun. An ba kura ajiyar nama bayan an kama ta da jini a baki. Wani abin da ba a cika lura da shi ba ya fi wannan ciwo: doka ta ba kwamitin ikon haɗa umarnin mayar da kuɗi ko miƙa takardu a cikin hukuncinsa, kuma da yake umarnin ɗaya ne, shi ma yana jingine. Wanda ya kai ƙara, ya yi ta zirga-zirga zuwa Abuja, ya ci nasara, sai ya koma gida hannu rabbana, takardar filinsa tana nan a durowar wanda ya ƙwace ta.

Da a ce ɗaukaka ƙara wata uku take ɗauka, da abin ya zo da sauƙi. Shekaru take ɗauka, kuma hanyar kanta ba ta zauna wuri ɗaya ba. Wata dokar soja ta 1994 ta gyara dokar aikin lauya ta ce a tafi Kotun Ƙoli kai-tsaye, kuma a 2005 kotun ta amince da haka. Amma da aka tattara dokokin tarayya a kundin 2004, ba a shigar da gyaran ba, sai tsohon tanadi ya sake bayyana, wanda ya ce a fara zuwa kwamitin ɗaukaka ƙara na majalisar dattawan aikin lauya. A 2013 Kotun Ƙoli ta bi kundin ta ce ba ta da hurumin karɓar ƙara kai-tsaye, a 2014 ta sake jaddada hakan, daga bisani gwamnati ta sake buga dokar da gyaran 1994 a ciki. Ga kuma sashe na 233 na tsarin mulki, wanda ya ɗora hurumin Kotun Ƙoli a kan ƙararrakin da suka fito daga Kotun Ɗaukaka Ƙara, abin da ya sa gardamar ta ƙi mutuwa. Ga malamin jami'a wannan muhawara ce mai daɗi. Ga lauyan da ya san ya ci kuɗin mutane kuwa, kowace shekarar ruɗani shekarar aiki ce da aka ba shi kyauta. Tsarin da ya sa jinkiri ya zama riba ga mai laifi yana kiran kowa ya ɗaukaka ƙara, mai hujja da marar hujja, cunkoson da hakan ke haifarwa kuma yana ƙara wa mai gaskiyar tsawon jira.

Jinkiri yana iya cinye hukuncin ma ɗungurungum, kuma misali mafi kyau ya fito ne daga shari'ar da ake yawan kafa hujja da ita wajen tsanantawa. A Ingila, a shari'ar Bolton da ƙungiyar lauyoyi wadda aka yanke a ƙarshen 1993, wani lauya ya saki fam 45,000 na wani kamfanin ba da rancen gida ba tare da cika sharuɗɗan da aka ba shi amanar kuɗin a kansu ba. Ba a same shi da niyyar zamba ba, kuma ya biya kuɗin, duk da haka kotun ladabtarwa ta dakatar da shi shekara biyu. Mai shari'a Thomas Bingham ya bayyana cewa manufar irin wannan hukunci ita ce kare jama'a da kare amincin sana'ar, kuma mutuncin sana'ar ya fi girman abin da zai sami mutum ɗaya daga cikinta. Ya ce kotun ladabtarwa ta yi daidai. Amma a ƙarshe ba a maido da dakatarwar ba, saboda an jingine ta tun farko kuma lokaci ya ja, har kotun ta ga dawo da ita a wannan mataki zai zama zalunci. Shari'ar da ta kafa ƙa'idar tsanantawa ita ce kuma ta nuna yadda jinginewa ke narkar da hukunci.

Sauran ƙasashen da muka gaji tsarin shari'a ɗaya da su sun juya nauyin hujja. A Ingila ɗaukaka ƙara ba ta tsayar da hukunci da kanta, sai wanda abin ya shafa ya roƙa ya kawo dalili. Ban da haka, dokar lauyoyi ta 1974 ta ba hukumar da ke sa ido ikon shiga ofishin lauya ta karɓe fayiloli ta riƙe asusun kuɗin mutane idan akwai dalilin zargin rashin gaskiya, tun kafin a kai ga shari'a, akwai kuma asusun diyya ga waɗanda aka cuta. A jihar Kalifoniya ta Amurka, da zarar alƙalin kotun lauyoyi ya ba da shawarar kora, ana mayar da lauyan cikin jerin waɗanda ba sa aiki har kotun ƙolin jihar ta yanke magana ta ƙarshe. Haka aka yi wa John Eastman, tsohon lauyan Donald Trump, a watan Maris na 2024, kuma da ya roƙi a ɗage masa domin ya ci gaba da kare waɗanda suka ɗauke shi, aka ƙi. A New York an dakatar da lauya Rudy Giuliani na wucin gadi a watan Yuni na 2021, shekara uku kafin a kore shi a Yulin 2024. Ba na cewa a kwafi Kalifoniya. Tsarinta ya yi tsauri ga ƙasar da ɗaukaka ƙara ke ɗaukar shekaru, wadda kuma kwamitinta ya sha faɗuwa kan kurakuran zama. Abin ɗauka shi ne tambayoyin da alƙali ke yi kafin ya jingine hukunci, waɗanda Kotun Ƙolin Amurka ta jera a shari'ar Nken ta 2009: ko ƙarar tana da alamar nasara, ko mai roƙo zai yi asarar da ba ta gyaruwa, ko jinginewar za ta cuci wasu, da kuma ina maslahar jama'a take. Kotunanmu ma ba baƙin wannan tunani ba ne. Tun shari'ar Vaswani ta 1972 ƙa'idar ita ce ba a hana wanda ya ci shari'a cin moriyar nasararsa sai an nuna wani dalili na musamman. Ɗan kasuwar da kotu ta ce ya biya bashi sai ya roƙa, sau da yawa ma sai ya ajiye kuɗin a hannun kotu. Lauyan da aka samu da cin amana shi kaɗai ne ba a tambayarsa komai.

Mafita tana cikin raba hukuncin gida biyu, domin abin da lauya ke tsoron rasawa da abin da jama'a ke tsoron ya riƙe ba abu ɗaya ba ne. Shi yana tsoron rasa suna da damar tsayawa gaban kotu. Su suna tsoron hannunsa a kan kuɗinsu da takardunsu. Ana iya barin sunan a rajista har a gama ɗaukaka ƙara, a kuma cire hannun tun ranar hukunci. Idan laifin na kuɗi ne, sharaɗin jinginewa ya zama cewa ba zai karɓi ko ya riƙe kuɗin kowa ba, asusun amanar ofishinsa ya koma ƙarƙashin sa hannun wani lauya da reshen ƙungiyar lauyoyi ya amince da shi, kuɗin da aka ce ya mayar kuma ya ajiye su a hannun magatakardan kotu, in ya ci ƙara ya karɓi abinsa, in ya faɗi a ba mai shi. Takardun mutane a miƙa su nan take, tunda riƙe takardar filin wani ba ya cikin abin da ɗaukaka ƙara ke karewa. Ya rubuta wa duk wanda yake wa aiki cewa ga hukuncin da aka yi, ga ƙarar da ya ɗaukaka, mutum ya zaɓa da idonsa a buɗe. Sabon aiki kuwa ya dakata da karɓa, ko ya karɓa a ƙarƙashin kulawar wani. Sannan jinginewar ta zo da wa'adi: idan bai haɗa kundin shari'a ya shigar da hujjojinsa a cikin watannin da aka ɗiba ba, ta faɗi da kanta. Idan laifin bai shafi kuɗi ko amana ba, kamar talla ko kalaman da aka ce sun zubar da girman kotu, sharuɗɗan su yi sauƙi ƙwarai ko a bar su gaba ɗaya. Wannan ita ce amsar tsoron da labarin Fawehinmi ya bari: lauyan da ake son rufe wa baki ba ta asusun amana ake binsa ba, kuma babu ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan da ke hana shi tsayawa gaban alƙali ya yi magana.

Za a ce mutum ba shi da laifi har sai an tabbatar, don haka duk sharaɗi hukunci ne kafin hukunci. Amma a wannan mataki an riga an saurare shi, an kawo shaidu, ya yi musu tambayoyi, kwamitin da doka ta kafa ya yanke. Abin da ya rage masa shi ne haƙƙin a sake duba hukuncin, kuma sharaɗin da bai hana shi wannan ba bai taɓa haƙƙin nasa ba. Dokar 1975 kanta ta yarda da abin da ya fi haka tsanani, domin ta ba Alƙalin Alƙalai na Ƙasa ikon dakatar da lauya, bayan ya ba shi damar kare kansa, a lokacin da ake shirin gurfanar da shi ko ana cikin shari'arsa gaban kwamitin. Yana da wuya a fahimci dokar da ta yarda a dakatar da mutum lokacin da zargi ne kawai a kansa, sannan ta sake shi sakaka bayan an same shi da laifin. Masu ilimin fiƙihu za su gane wannan tunani da wuri. Imamu Abu Hanifa, wanda ya fi kowa ƙyamar a yi wa baligi mai hankali hajaru, wato a hana shi sarrafa dukiyarsa, ya yarda a hana mutum uku aiki: muftin da ke koya wa mutane dabarun kauce wa hukunci, da likitan da bai san magani ba, da mai ba da hayar dabbobin sufuri wanda ya karye yana karɓar kuɗin mutane. Dalilinsa shi ne cutarsu ba ta tsaya a kansu ba, jama'a take hawa. Alƙalan Malikiyya kuma sun san babin tsare abin da ake jayayya a kansa a hannun amintacce har a gama shari'a, wanda ke cikin littafin Tuhfa da ake karantawa a zaurukanmu.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na aiki: wa zai sa ido? Lauyoyi da yawa a Kano da Sakkwato da Maiduguri su kaɗai ne a ofishinsu, ba su da abokin tarayyar da zai karɓi asusu, kuma rassan ƙungiyar lauyoyi ba su da ma'aikatan binciken kuɗi. Sharaɗin da ba mai bibiyarsa zai zama takarda kawai, har ma ya fi rashinsa muni, tunda zai ba jama'a kwanciyar hankalin ƙarya. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ya kamata a zaɓi sharuɗɗan da suke tsare kansu. Banki ba ya buƙatar mai gadi kafin ya bi umarnin kotu na canza mai sa hannu a asusu. Ajiye kuɗi a hannun magatakarda abu ne da ake gani da rasit, ko an ajiye ko ba a ajiye ba. Ƙungiyar lauyoyi tana da hatimin da take ba kowane lauya duk shekara, wanda ƙa'ida ta ce a manna a kan takardun da ya shirya, saboda haka tana da rajistar da za ta iya sa alama a ciki, ta kuma buga jerin sunayen masu sharaɗi a shafinta na intanet inda kowa zai duba kafin ya miƙa kuɗinsa. Lauyan da yake shi kaɗai kuma ba ya rasa komai idan aka ce kuɗin cinikin gida ya tafi kai-tsaye daga mai saye zuwa mai sayarwa, shi ya karɓi ladan aikinsa kawai.

Wasu kuma daga ɗaya ɓangaren za su ce wannan sassauci ne, wanda aka samu da sata a rufe ofishinsa kawai. Akwai lokutan da haka ne daidai: wanda kotun laifi ta riga ta ɗaure kan zamba, ko wanda ya amsa da bakinsa cewa ya ci kuɗin yana jayayya ne kan tsananin hukunci kawai, ko wanda aka taɓa hukunta shi kan irin laifin. Irin waɗannan alƙali ya ƙi jinginewar baki ɗaya, a naɗa wanda zai raba fayilolinsu ga wasu lauyoyi domin kada shari'ar mutane ta mutu a kotu saboda rashin mai tsayawa. Abin da ake nema shi ne a samu alƙalin da zai duba ya bambanta, wanda a yanzu babu shi, domin dokar ta yanke wa kowa hukunci iri ɗaya tun kafin a ga fuskarsa. Gyaran yana hannun Majalisar Dokoki ta Ƙasa, kuma bai wuce sauya ƙaramin sashe ɗaya ba: a ce umarnin kwamitin yana fara aiki bayan kwana 28, sai dai idan kotun da za ta saurari ƙarar ta jingine shi bisa sharuɗɗan da ta ga sun dace, a kuma fayyace a cikin sashen wace kotu ce wannan, da wa'adin da za ta yanke roƙon a cikinsa.